Ciwon Suga Da Mutanen Gida

Iyayena makiyaya da ke rugage daga Turu zuwa Kolokonde, yaya garke? 'Yan kasuwar Arzeke a Paraku da na babbar kasuwar Jugu, yaya ciniki? Direbobi da yaran mota masu bin hanyar Malanbil da Gaya, da masu ƙetarawa Cikanda ta Nikki, da masu shiga Togo ta Wake, sannunku da hanya. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Maganarmu ta yau a kan ciwon suga ce, wanda wasu ke ce wa ciwon sukari. Bayanin magani aikin likita ne, mu abin da za mu duba shi ne mutanen da ke kewaye da mai ciwon: matar da ke girki, ɗan da ke riƙe da kuɗi, surukin da ake jin kunya, abokin tafiya, da mai masauki. Likita yana ganin mai ciwon suga na 'yan mintoci a wata, ko ma a wata uku. Sauran kwanakin duka a hannun mutanen gida yake. Saboda haka ko kai lafiyarka ƙalau, wannan magana ta shafe ka.

Bari mu fara da sanin ciwon kansa a taƙaice. Duk abin da muka ci na hatsi, doya, rogo ko shinkafa, jiki yana mayar da shi suga ya zuba a jini. Akwai wani sinadari da ake kira insulin, wanda ke buɗe wa sugan nan hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In sinadarin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini. Daga nan sai yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, da ciwon da ba ya warkewa da wuri. Akwai nau'in da ya fi kama yara da matasa, wanda dole sai da allurar insulin kullum. Akwai wanda ya fi kama manya, shi ne ya fi yawa. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mace lokacin goyon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon a duniya sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Afirka kuwa, fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Ana iya zama da shi shekaru masu yawa cikin ƙoshin lafiya, ana kiwo ana fatauci, in dai an kula. Kulawar nan kuwa a gida take farawa.

To, mu fara da kwano. A Paraku ko Jugu, wa ke cin abinci shi kaɗai? Sakwara ce ko wasa-wasa, tuwon masara ne ko shinkafa, kwano ɗaya ake sa hannu. Sai Alhaji ya je asibiti shi kaɗai, likita ya yi masa bayanin abin da zai rage da abin da zai ƙara, ya dawo gida ya ce da Hajiya, "An ce in daina cin zaƙi." Shi ke nan, sauran bayanin ya zube a hanya. Ita kuwa Hajiya ba ta ji daga bakin likita ba. Sai ta cire suga daga koko, amma ta cika masa kwano da sakwara don ta ga ya rame. Niyyarta kyakkyawa ce, sai dai ba a gaya mata cewa doya da gari da farar shinkafa su ma suga suke zama a jini ba.

Don haka, Baba, ranar da za ka koma ganin likita, ka tafi da mai girkin. In mata biyu ne ko uku, kowacce ta ji da kunnenta, domin kwana ɗai-ɗai ko bibbiyu ake juya girki, ciwon kuma ba ya jiran ranar girkin wadda ta iya. In Inna ce mai ciwon, a tafi da surukar ko 'yar da ke dafa mata. Abin da za a ji ba mai wuya ba ne: a rage malmalar tuwo, a yawaita miya da ganye, kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, a sa wake, kifi, ƙwai, ko wagashi wanda bai sha mai ba. A ci a kan lokaci, kada a wuni da yunwa sannan a cika ciki da dare. Kuma abin da ya fi sauƙi shi ne gidan duka ya ɗan gyara tukunyarsa. In aka ware wa mutum ɗan kwanonsa a gefe kamar mai cutar da ake ɗauka, ba zai jure ba, zai koma kwanon jama'a. Ciwon suga ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta moɗa. Yana dai bin jini a dangi, wato 'ya'yan mai shi sun fi kusa da samunsa in suka girma. Ka ga gyaran tukunyar nan rigakafi ne ga yaran gidan ma.

Daga kwano sai shayi da baƙunci. Mu mutane ne masu karɓar baƙo da abin sha. Ka je suna ko ɗaurin aure a Zongo, kafin ka zauna an miƙo maka lemon kwalba. Gwangwanin lemo mai santilita 33 yana iya ɗaukar suga giram 35, wato kusan ƙwayar suga bakwai irin ta kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba mai lafiya ma shawarar kada ya wuce kimanin giram 50 a wuni, in ya tsaya a 25 ya fi. Ka ƙara da shayin majalisa, na fari, na biyu, na uku, kowanne da zaƙinsa, ka ƙara da furar da aka dama da suga, da zoɓo. Mai ciwon ya san bai kamata ba, amma yana tsoron a ce ya raina mai gida. Mai gida kuma yana cewa, "Haba Alhaji, kwalba ɗaya ba ta kisa." Jama'a, wannan kalma mu bar ta. In baƙo ya ce ruwa ya ishe shi, a ba shi ruwan sanyi da fara'a. Mai haɗa shayi ya zuba masa nasa kafin a sa suga. Fura da nono a dama masa haka nan, ya sha daidai. Zuma ma suga ce, kada a ce ai ita ta Allah ce a cika cokali.

Yanzu ga babbar magana: ɓoyo. Mutane da yawa ba sa son a san suna da ciwon nan. Ɗan kasuwa yana tsoron masu ba shi kaya bashi su ja baya. Mai neman aure yana tsoron a fasa. A ruga kuma akwai tarbiyyar kunya da haƙuri, abin da Fulani ke kira semteende da munyal, wadda ke hana mutum kuka da ciwo ko cin abinci a gaban surukai. Tarbiyya ce mai daraja, ba wanda ya ce a yar da ita. Amma ku duba wannan. Mutum ya yi allurar insulin da safe, ko ya sha ƙwayar nan da ake kira glibenclamide, ya tafi gaisuwa gidan surukai, aka kawo abinci kunya ta hana shi ci. Magani yana aikinsa, ciki ba komai. Sai suga ya faɗi ƙasa. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, faɗa ba dalili, magana a ruɗe kamar ta mai maye. In ba wanda ya san yana da ciwon, sai a ce iska ce, a tsaya ana hayaƙi, alhali ƙwayar suga uku ko rabin kofin lemo ne za su dawo da shi cikin kwata na awa. In ya dawo, a ba shi abinci ya ci. In kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota ko babur zuwa asibiti mafi kusa, a gaya musu mai ciwon suga ne.

Kun ga abin mamaki: mutumin da ake hana wa suga, wata rana suga ne zai cece shi. Amma sai in na kusa da shi ya sani. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba a ce ka yi shela a kasuwa ba. Mutum uku dai su sani: wanda kuke kwana gida ɗaya, wanda kuke tafiya tare, da wanda kake sauka wurinsa. Direba, ka gaya wa yaron motarka, ka nuna masa inda kake ajiye suga a gaban mota. Mai kora shanu zuwa kasuwar Gogunu, ka gaya wa abokin korarka, domin doguwar tafiya a ƙasa ita ma tana saukar da suga. Dillali, ka gaya wa maƙwabcin rumfarka.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Jugu da Paraku tsofaffin zanguna ne a kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja. Ayari yana da madugu, kowane baƙo yana da mai masauki wanda ke riƙe masa amanar kaya da kuɗi, in ya kwanta ciwo shi ke jinyarsa. Har yau da wannan amanar ake ciniki a kasuwannin shanu. Mutumin da ka yarda ka bar wa kuɗin bijimi biyar, ai ka iya gaya masa cewa in ya ga kana rawar jiki ya ba ka suga.

Sai kuma zargi, wanda ya raba gidaje da yawa. Yaro ɗan shekara goma ya fara rama, yana shan ruwa kamar raƙumi, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Sai a fara kallon kishiyar uwarsa, ko wata tsohuwa a unguwa. Kafin a gama yawon karya sammu, yaro ya galabaita. Irin wannan yaro ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane abin da ke damunsa, cikin minti guda. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaran da ke da wannan nau'in ba sa daɗewa a duniya. Yau da allurarsu suna girma, su yi karatu, su yi aure, su haihu. A Paraku akwai babban asibitin koyarwa na jihar Borgu, a Jugu akwai asibitin Ordre de Malte, kuma ƙananan asibitoci da dama suna da na'urar gwajin. A yi addu'a, a yi gwaji, kada a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba.

Tsakanin miji da mata ma akwai abin da kunya ke rufewa. Suga in ya daɗe a sama yana taɓa jijiyoyi, har ya rage wa namiji ƙarfi. Sai maigida ya yi shiru, ya koma sayen maganin maza a tasha, uwargida kuma ta ɗauka ya daina sonta ne ko amarya ta yi masa wani abu. Ita ma mace mai ciwon takan yi fama da ƙaiƙayin gaba mai zuwa yana dawowa, miji ya fara mugun zato. Duka biyun alamun ciwon ne, kuma likita ya saba jinsu. Mace mai ciki kuwa, musamman wadda ta taɓa haifar jariri da ya wuce kilo 4, ko wadda ke da mai ciwon a danginta, maigida ya bar ta ta je awo, ya kuma biya kuɗin gwajin suga. Lafiyar mutum biyu ce.

Mu zo kan kuɗi. Zazzaɓi kwana uku ne a sha magani a tashi. Wannan kuwa magani ne na kowace rana, ga kuɗin gwaji, ga kuɗin mota zuwa gari. A wata na farko dangi kowa yana kawo gudunmawa. Zuwa wata na shida an gaji, mai ciwon kuma yana jin nauyin roƙo, sai ya fara raba ƙwaya biyu ko ya tsallake kwana. Uwa takan fasa sayen maganinta don ta biya wa yaro kuɗin makaranta, ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta gaza, a ranar za a sayar da shanu uku a jere. Da an sayar da akuya ɗaya a kan lokaci, da ba a kai nan ba. Shawarar da za mu ba 'ya'ya ita ce ku zauna ku yi lissafin kuɗin maganin wata, ku raba a tsakaninku kamar zubin adashi. Na Kwatano da na Legas su turo nasu ta waya a ranar da aka sa. Mutum ɗaya ya riƙe alhakin sayowa, ya riƙa leƙa kwalin maganin ya ga ko ana sha. Kada a jira sai tsoho ya buɗe baki ya roƙa, ba zai roƙa ba.

Ga masu ƙetare iyaka kuma, akwai abu uku da ya kamata ɗan rakiyar mai ciwon ya riƙe. Na farko, lambar gwaji. A Benin da Nijar da Togo an fi rubuta sakamako da giram a lita, a Najeriya kuma da wani ma'auni dabam. Iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon, in an gwada shi da safe kafin ya ci komai, ita ce 1,26 a takardar Paraku. Wannan lambar ce za ka gani 126 ko kuma 7 a takardar Ilori ko Sakkwato. Haka nan faɗuwar suga: ƙasa da 0,70 a nan, ƙasa da 70 ko 3.9 a can. Kada ɗa ya ga 7 a wata takarda, ya ga 1,26 a wata, ya ce Baba ya warke. A riƙa tafiya da takardun duka a nuna wa likita. Na biyu, insulin yana zuwa da ƙarfi iri biyu, akwai mai lamba 40 akwai mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. In aka sayo kwalba a wata ƙasa, sirinji a wata, a tabbata lambobin sun yi daidai, in ba haka ba za a yi wa mutum fiye da ƙima ko ƙasa da ita. Na uku, wurin saye. Tun Fabrairun 2017 da hukuma ta kai samame sashen masu sayar da magani na Adjegunle a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, kowa ya san gwamnati ba ta wasa da maganin bakin titi. A saya a farmasi mai izini, ko da ɗan'uwa ya ce ya san inda ya fi araha.

Mutanen ruga sukan ce, mu da ba mu da firij, ina za mu ajiye allura? Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi, amma ba ƙanƙara ba. Wadda aka fara amfani da ita tana iya kai mako huɗu a inuwa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, ya nuna insulin yana riƙe ƙarfinsa na mako huɗu ko da zafi yana hawa yana sauka tsakanin digiri 25 da 37. A sa kwalbar a ƙaramin gwangwani mai murfi, a ajiye a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Kada a bar ta a rana, ko a gaban mota, ko a aljihun da ke manne da jiki. Wannan aiki ne da yarinya mai hankali a gida za ta iya riƙewa.

Akwai kuma masu ba da shawara. Da an ji kana da suga, kowa ya zama likita: wannan ya kawo shuwaka, wancan ya kawo ganyen dogon yaro, wani ya ce akwai mai magani a ƙauye kaza da ke cire shi gaba ɗaya. Ƙauna ce ta kawo su. Haɗarin shi ne a ce wa mutum ya ajiye maganin asibiti ya gwada wannan. Mai allurar insulin in ya daina, cikin 'yan kwanaki zai iya shiga halin mutuwa. Duk abin da aka kawo, a gaya wa likita kafin a sha, kuma kada a ajiye nasa.

Zumunci a ƙafa yake, in ji magabata, mai ciwon suga kuwa ƙafarsa ce wurin da ya fi rauni. Jijiyoyin ƙafa sukan mutu, ƙaya ta soke shi a daji bai ji ba, takalmin roba ya ci masa diddige bai sani ba. Tsoho ba ya iya sunkuyawa ya ga tafin ƙafarsa, ido ma ya rage. To jika ko ɗa ya duba masa kowace yamma, lokacin alwalar magariba ma ya yi: tsakanin yatsu, diddige, ƙarƙashin ƙafa. A goge ta bushe, a zazzage takalmi kafin a sa, kada a yi yawo ba takalmi, kada a yanke ƙaba da reza, kada a ɗumama ƙafa a bakin wuta lokacin hunturu. In an ga rauni, ko ƙarami ne, asibiti a ranar.

Azumi ma yana zuwa da nasa nauyin. Mutum yana jin kunyar a gan shi yana ci da rana, jikoki suna kallo. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamanmu sun sani. Tun kafin watan ya kama a je wurin likita, shi zai faɗi ko mutum zai iya, da yadda za a canza lokacin magani. Wanda ya ɗauka kuma suga ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3, ya karya nan take. Liman ko malamin unguwa in ya faɗi wannan a masallaci, ya ɗauke wa mutane da yawa nauyi. Mutanen gida kuma kada a yi masa gori.

Kalma ta ƙarshe ga masu jinya. Kulawa daban, tsangwama daban. In kullum ana bin dattijo da "kada ka ci wannan, ajiye wancan" a gaban baƙi da yara, zai ji an mayar da shi yaro, sai ya koma ci a ɓoye a teburin mai shayi. A yi masa magana a keɓe, da ladabi. A raka shi tafiyar rabin awa bayan la'asar, wadda ita ma magani ce, musamman ga wanda ya bar bin shanu ya koma zaman rumfa da hawan babur. Ita ma mai jinyar a riƙa karɓarta, a ce mata sannu.

A wannan makon, wanda ke da ciwon ya zaɓi mutanensa uku ya gaya musu. Wanda ke da mai shi a gida ya tambayi ranar komawa asibiti ya ce zai raka. Wanda uwarsa ko ubansa ke da shi, ya kuma haura shekara arba'in, ya je a ɗiga masa jini da safe kafin ya karya. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, a irin lokacin akan shirya gwaji ga jama'a, ku kasa kunne za mu sanar da ku in an sa wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya tsare garke da dukiya.